Wa ke da ta cewa a ƙuryoyin duniya biyu?

Nahiyar Antaktika da ke can ƙuryar kudancin duniya tana da faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 14, wato ta ninka Najeriya sau goma sha biyar, amma ba ta da shugaba, ba ta da majalisa, ba ta da ɗan ƙasa ko ɗaya. Ƙasashe 29 ne ke zama kowace shekara suna yanke abin da za a yi da ita, kuma cikin ƙasashen Afirka 54, Afirka ta Kudu kaɗai ke da kujera a wannan zama. A ƙuryar arewa, yankin Aktik, ƙasashe takwas ne ke riƙe da majalisar yankin, sun ba wasu ƙasashe 13 damar zama 'yan kallo, babu ta Afirka ko guda. A nan Abuja, inda ofisoshin jakadanci suka cika Maitama da Asokoro, da wuya ka ji an ɗauko wannan zance, sai dai in Donald Trump ya sake cewa yana son tsibirin Girinlan, a yi dariya a majalisar masu shayi a wuce. Ina ganin zancen ya fi ƙarfin dariya, domin babu wurin da ya fi waɗannan yankuna biyu nuna yadda manyan ƙasashe ke haɗa kai, da dalilin da ke sa su haɗa kan, da kuma farashin da ake biya kafin a bar mutum ya shiga ɗakin.

A fara da kudu, don can ne labarin ya fi daɗin ji. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, ƙasashe bakwai sun riga sun ja layi a taswira sun ce nan nasu ne: Birtaniya, Faransa, Norwe, Ostireliya, Nuzilan, Ajantina da Chile. Ostireliya ita kaɗai ta yi iƙirarin kusan kashi 42 cikin ɗari na nahiyar. Rabon Birtaniya da na Ajantina da na Chile kuwa sun hau kan juna a zirin ƙasar da ya miƙo wajen Kudancin Amurka, kuma rigimar ba ta tsaya a takarda ba. A watan Fabrairun 1952 sojojin Ajantina sun yi harbi a saman kawunan wasu Turawan Birtaniya da suka zo sauke kaya a Hope Bay. A 1955 Birtaniya ta kai ƙara Kotun Duniya, Ajantina da Chile suka ce ba su yarda kotun tana da hurumi ba, shari'ar ta mutu. Amurka da Tarayyar Sobiyet, waɗanda su ne masu ƙarfin gaske a lokacin, ba su amince da iƙirarin kowa ba, kuma kowace ta ce tana da hujjar yin nata iƙirarin duk ranar da ta ga dama.

Abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne shekarar binciken kimiyya ta duniya da aka yi daga 1957 zuwa 1958, lokacin da ƙasashe 12 suka kafa tashoshin bincike a nahiyar, suka amince a ajiye maganar mallaka har a gama aikin. Da aka gama, Sobiyet ta nuna ba ta da niyyar tattara kayanta. Amurka ta duba ta ga hanyoyin da ke gabanta duk ba su da kyau: in ta yi iƙirari za ta ɓata da ƙawayenta, in ta goyi bayan Birtaniya za ta ɓata da Ajantina da Chile, in ta bar abin haka Sobiyet na iya girke makamai a kudancin duniya. Sai ta kira taro a Washington, aka sa hannu kan Yarjejeniyar Antaktika ranar 1 ga Disamba 1959, ta fara aiki a 1961. Ta haramta sansanin soja da atisaye da gwajin makamai a duk yankin da ke kudu da layin digiri 60, ta haramta tayar da bam ɗin nukiliya da zubar da shararsa, ta kuma ba kowace ƙasa mai kujera ikon aika masu duba tashar kowa, kowane lokaci. A tsakiyar yaƙin cacar baka aka yi wannan.

Ƙashin bayan yarjejeniyar shi ne sashe na 4, wanda ba ya warware komai. Ya ce wanda ya yi iƙirari bai janye ba, wanda bai yarda da iƙirarin ba bai sauya ra'ayi ba, ba za a yi sabon iƙirari ba, kuma duk abin da wata ƙasa ta yi a nahiyar muddin yarjejeniyar na aiki ba zai zama hujjar mallaka ba. A bar kaza cikin gashinta ke nan. Masu son komai ya fito fili suna ganin wannan rauni ne, ni kuwa ina ganin shi ya sa yarjejeniyar ta haura shekara sittin. Ɗan makaranta a Ajantina har gobe taswirar ƙasarsa da ake koya masa tana ɗauke da yankin Antaktika, jakadan Amurka kuma har gobe yana cewa nahiyar ba ta kowa ba ce, kuma su biyun suna zama tebur ɗaya ba tare da wani ya ƙaryata kansa ba. Sai dai kada a ɗauka kyawun zuciya ne ya kawo wannan. A 1959 babu wanda ya san yadda zai haƙo ko da gwangwani ɗaya na mai daga ƙarƙashin ƙanƙarar da kaurinta ya kai kilomita biyu a matsakaici. An yafe abin da ba a iya ci ne.

Wurin da ƙarfi ya ɓoye a wannan tsari shi ne ƙa'idar samun kujera. Kowace ƙasa da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya tana iya shiga yarjejeniyar, kuma sama da 50 sun shiga. Amma shiga daban, ƙuri'a daban. Kafin a ba ƙasa ƙuri'a sai ta nuna tana gudanar da gagarumin binciken kimiyya a nahiyar, kamar kafa tasha ko aika ayarin masana, sannan sai duk masu kujera sun amince. Mutumin Abuja ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Kowa ya san takardar fili ba ta hana a ƙwace fili. Abin da ke tsare shi shi ne katanga, da ɗan ɗakin maigadi, da tulin bulo a gefe don a ga kamar gini na tafe. Hukuma na soke filin da aka bari fayau, ta bar na wanda ya zuba kankare. Tashoshin bincike na Antaktika suna yin kimiyya ta gaske, a can ne masanan Birtaniya suka gano ɓulin da ya samu rufin ozon, iskar sama da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, suka sanar a 1985, amma kowace tasha katanga ce kuma. Duba inda aka dasa su. Amurka ta kafa tata a daidai tsakiyar ƙuryar kudu, wurin da layukan iƙirarin ƙasashe suka haɗu, ta taka kusan kowa da ƙafa ɗaya. Rasha tana da Vostok a can cikin tudun ƙanƙara. Sin, wadda sai 1985 ta buɗe tasharta ta farko, ta kafa Kunlun a 2009 kusa da wuri mafi tudu a ƙanƙarar nahiyar, ta buɗe ta biyar mai suna Qinling a Fabrairun 2024 a gaɓar tekun Ross. Ajantina ta wuce kowa dabara: ta kai mace mai ciki tasharta ta Esperanza, aka haifi yaro a can a Janairun 1978, don a ce tana da ɗan ƙasa haifaffen wurin. Chile ta mayar da martani da kafa ƙauye mai makaranta.

Wannan ƙa'ida ta nufi cewa mai jirgin fasa ƙanƙara da kuɗin ciyar da masana a lokacin sanyi shi ne mai murya. Ƙasashe masu tasowa sun lura da haka. A 1982 Firaminista Mahathir Mohamad na Malesiya ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙalubalanci tsarin, yana mai cewa bai kamata 'yan tsirarun ƙasashe su riƙe nahiya guda kamar yadda aka yi a zamanin mulkin mallaka ba, kuma a 1983 aka sa batun Antaktika a ajandar Majalisar. A 1985 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar da ƙudurin da ya ce nahiyar gadon dukan bil'adama ce. Ga 'yan Afirka akwai wani ƙarin ciwo: kujera ɗaya tilo ta nahiyarmu tana hannun gwamnatin wariyar launin fata ta Pretoria, wadda aka dakatar daga zauren Majalisar Ɗinkin Duniya amma tana zaune daram a taron Antaktika. Shekarun ne Janar Joseph Garba, ɗan Langtang, ke shugabantar kwamitin Majalisar na yaƙi da wariyar launin fata. Majalisar ta yi ta zartar da ƙudurorin neman a fitar da Pretoria daga taron, masu kujera kuma suka riƙa ƙin shiga ƙuri'ar ma baki ɗaya.

Yadda aka kashe wannan bore darasi ne. Ba a yi gardama da manyan ƙasashe masu tasowa ba, kujera aka ba su. Indiya da Brazil suka samu a 1983, Sin a 1985. Da manyan suka shige ciki, muryar na waje ta dushe. Mulkin wariya ya faɗi a 1994, hujjar Afirka mafi zafi ta tafi da shi, kuma ita kanta Malesiya ta shiga yarjejeniyar a 2011. Najeriya ba ta shiga ba har yau.

Amma boren bai tafi a banza ba, domin ya taimaka wajen sauya maganar ma'adinai. Tun 1982 masu kujera ke tattauna yadda za a tsara haƙar ma'adinai, har suka kammala yarjejeniya a Wellington a 1988. Shekara guda bayan haka firaministocin Ostireliya da Faransa, Bob Hawke da Michel Rocard, suka ce ba za su sa hannu ba, kuma da yake tsarin ba ya tafiya sai da ƙasashe masu iƙirari, yarjejeniyar ta rushe. Ana yawan ba da labarin a matsayin nasarar masu kare muhalli, kuma da gaskiya a ciki, domin a 1989 ne jirgin dakon mai Exxon Valdez ya malalar da mai a Alaska, wani jirgin Ajantina kuma ya nutse a gaɓar Antaktika. Sai dai a Ostireliya akwai masu lissafin cewa yarjejeniyar za ta bar wasu su haƙi ma'adinai a yankin da take kira nata ba tare da biyanta ko sisi ba, su kuma yi gogayya da ma'adinan da take sayarwa. Tausayin tsuntsayen ƙanƙara da lissafin aljihu suka haɗu a hanya ɗaya, aka samu Ƙa'idar Madrid ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998 ta haramta duk wata harkar ma'adinai in ba binciken kimiyya ba.

Ana yawan cewa haramcin zai ƙare a 2048. Ba haka ba ne. Daga 2048 kowace ƙasa mai kujera na iya neman a kira taron sake dubawa, amma sauya dokar na buƙatar amincewar duk ƙasashe 26 da ke da kujera a 1991, kuma haramcin ba zai ɗagu ba sai an samar da wata doka mai ɗaure kowa kan haƙar. Ƙofa ce mai kwaɗo da yawa. Akwai dai taga a baya, wadda Amurka ta nace aka saka: in an amince da gyara a taron amma ya shekara uku bai fara aiki ba, ƙasa na iya ficewa daga Ƙa'idar. Ga kuma giɓin da ke cikin kalmar bincike. Jirgin Rasha mai suna Akademik Aleksandr Karpinsky ya daɗe yana auna abin da ke ƙarƙashin tekun yankin, yana yada zango a Cape Town; Rasha na cewa kimiyya ce, masu sukarta na cewa neman mai ne, kuma na'urar da ake aikin biyu da ita iri ɗaya ce.

Inda tsarin ke ciwo a yau shi ne teku. Hukumar da ke kula da halittun tekun Antaktika, wadda aka kafa da yarjejeniyar Canberra ta 1980 kuma take zaune a Hobart, ita ma ba ta yanke komai sai kowa ya yarda. (Namibiya memba ce a wannan hukuma, saboda harkar kamun kifi.) A 2016 ta yi abin a yaba, ta keɓe murabba'in kilomita kusan miliyan ɗaya da rabi a tekun Ross, bayan shekaru ana lallashin Sin da Rasha, kuma sai da aka yarda keɓewar ta shekara 35 ce kawai. Tun daga nan ba a sake keɓe ko taku ɗaya ba. Shawarwari uku, na gabashin Antaktika da tekun Weddell da zirin ƙasar nan, suna zuwa tebur kowace shekara, Sin da Rasha suna cewa a'a. Abin da ake rigima a kai wani ɗan ƙaramin jatan lande ne da ake kira kiril, wanda kifayen whale da tsuntsayen penguin ke rayuwa a kansa, mutane kuma ke kamawa don abincin kifin gona da man ƙarin lafiya. Norwe ce ta fi kowa kamawa, abin da ba a cika faɗa ba in ana zagin Sin. A 2024 aka kasa sabunta dokar da ke tilasta rarraba kamun a wurare daban-daban, sai a 2025 jirage suka cika adadin tan 620,000 da aka ƙayyade, aka rufe kamun kafin lokaci a karon farko. Siyasar waje ma ta shigo ɗaki: Kanada da Belarus duk sun nemi kujera, kowace ta samu wanda ya tare mata hanya. Dokar sai-kowa-ya-yarda ita ta hana manyan ƙasashe ficewa tsawon shekara sittin, ita ce kuma yanzu ta ba kowace babbar ƙasa ikon tsayar da komai.

Arewa wani gari ne daban. Antaktika ƙasa ce da teku ya kewaye, Aktik kuwa teku ne da ƙasashe suka kewaye, kuma ƙasashen suna da masu su: Rasha, Kanada, Amurka ta Alaska, Norwe, da Denmak ta Girinlan. Mutum kusan miliyan huɗu ke zaune a yankin, akwai garuruwa da ma'adinai da sansanonin soja, kuma a zirin Kola ne Rasha ke ajiye babban kaso na jiragenta na ƙarƙashin ruwa masu ɗauke da nukiliya. Don haka duk mai cewa a yi wa Aktik yarjejeniya irin ta Antaktika yana neman ƙasashe su sallama abin da ke hannunsu ne, kuma sun ba da amsa. A Agustan 2007 wani ayarin Rasha ƙarƙashin Artur Chilingarov ya nutsa fiye da mita 4,000 ya kafa tutar Rasha a ƙasan teku a daidai ƙuryar arewa. Duniya ta ɗauka za a fara wawaso. A Mayun 2008 ƙasashen biyar suka haɗu a Ilulissat na Girinlan suka ce dokar teku ta ishe su, ba sa buƙatar sabuwar yarjejeniya. Sanarwar ta kwantar da hankali, ta kuma gaya wa sauran duniya cewa ba a gayyace ta ba.

Dokar tekun ita ce ta 1982, wadda Najeriya ma ke ciki. Ta ba kowace ƙasa mil 200 na ruwa daga gaɓarta, ta kuma ba ta damar neman ƙarin ƙasan teku in ta tabbatar da hujjar kimiyya cewa doron ƙasarta ne ya miƙe ƙarƙashin ruwa. Ta wannan hanya ce kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince wa Najeriya ƙarin murabba'in kilomita kusan 16,300 a mashigin tekun Gini. Ta ita ce kuma Rasha da Denmak da Kanada kowace ke cewa tudun Lomonosov, wanda ya ratsa ƙasan tekun Aktik ta kusa da ƙurya, ci gaban ƙasarta ne. Kwamitin masana ne, yana duba duwatsu, ba ya raba gardamar iyaka. A ƙarshe sai ƙasashen uku sun zauna da kansu. Amurka kuwa har yau majalisar dattawanta ba ta amince da dokar ba, tana dai cewa tana bin ta a matsayin al'ada. Kwaɗayin ya samo asali ne daga ƙiyasin hukumar binciken ƙasa ta Amurka na 2008, cewa kusan kashi 13 cikin ɗari na man da ba a gano ba a duniya da kashi 30 na iskar gas suna yankin. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne yawancinsu suna cikin ruwan da babu gardama a kan mai shi.

Majalisar Aktik, wadda aka kafa a Ottawa a 1996, ta ƙunshi biyar ɗin da Finlan da Suwidin da Aislan. Ba ta da ikon kafa doka, kuma takardar kafa ta ta faɗa ƙarara cewa ba ruwanta da harkar soja. Abin da ya bambanta ta da kusan kowace ƙungiya a duniya shi ne ƙungiyoyi shida na 'yan asalin yankin, irin su Inuit da Sami, suna zama tebur ɗaya da ministoci a matsayin mahalarta na dindindin. Ba su da ƙuri'a, amma suna gaba da Sin da Indiya da Japan, waɗanda aka karɓa 'yan kallo a 2013 bisa sharaɗin amincewa da ikon ƙasashe takwas ɗin. Ƙarƙashin inuwar majalisar aka ƙulla yarjejeniyar ceto a 2011, ta malalar mai a 2013, ta haɗin kan kimiyya a 2017. Masana har sun fara cewa Aktik yanki ne da rigimar duniya ba ta shiga, ganin ƙwace Kirimiya a 2014 bai tsayar da aikin ba.

Ranar 3 ga Maris 2022, mako guda bayan Rasha ta afka wa Yukren, ƙasashe bakwai suka dakatar da shiga ayyukan majalisar, alhali Rasha ce ke shugabanci. Finlan ta shiga NATO a 2023, Suwidin a 2024, majalisar ta koma 'yan NATO bakwai da Rasha ɗaya, ga shi kusan rabin gaɓar tekun Aktik na Rasha ne. Norwe ta karɓi shugabanci a 2023 ta lallaɓa aka dawo da taron ƙananan kwamitoci ta intanet, ta miƙa wa Denmak a 2025, amma zaman 'yan marina ake yi. Asarar da ta fi girma ta kimiyya ce: yankin na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya tun 1979, mafi yawan daskararriyar ƙasar da ke narkewa tana Saberiya, kuma bayanan tashoshin Rasha sun daina isa ga masanan Yamma yadda suka saba. Rasha ta juya ga Sin neman kuɗi da kasuwa, ita kuwa Sin tun 2018 take kiran kanta ƙasa makusanciyar Aktik, kirarin da sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Mike Pompeo, ya yi watsi da shi a Rovaniemi na Finlan a 2019, lokacin taron majalisar da aka tashi ba sanarwar bai ɗaya saboda Amurka ta ƙi a ambaci sauyin yanayi.

Sai kuma barazana ta fito daga cikin gida. Trump ya nemi sayen Girinlan a 2019, ya dawo da maganar a 2025 har ya ƙi cewa ba zai yi amfani da ƙarfi ba. Tsibirin na da mutane kusan 57,000, yawancinsu Inuit, kuma dokar cin gashin kai ta 2009 ta ba su, su kaɗai, ikon zaɓar 'yanci. Amurka na da sansani a Pituffik ƙarƙashin yarjejeniyar tsaro ta 1951, wadda ta riga ta ba ta kusan duk abin da take buƙata ta fuskar soja. Don haka ba rashin dama ba ne, mallaka ake so. Shekara uku kacal kafin nan, a 2022, Kanada da Denmak suka raba ɗan tsibirin Hans gida biyu cikin raha bayan kusan shekara hamsin ana jayayya, aka yi ta nuna shi a matsayin misalin yadda masu bin doka ke yi.

Duk da haka akwai abin da bai karye ba, kuma shi ya fi koya mini yadda abin yake. A 2018 ƙasashen gaɓa biyar da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Aislan da Tarayyar Turai suka amince ba za a yi kamun kifi na kasuwanci a tsakiyar tekun Aktik ba har shekara 16, yarjejeniyar ta fara aiki a 2021, kuma yaƙin Yukren bai rushe ta ba. Dalili bai da wuyar ganewa: babu wanda ke kamun kifi a can tukuna. Irin lissafin 1959 ne. Misali na biyu ya fi ban sha'awa. Tun tsakiyar shekarun 1970 Norwe da Rasha ke da hukumar haɗin gwiwa da ke ƙayyade yawan kifin kod da za a kama a tekun Barents. Kifin yana girma a ruwan da ya haɗa da ɓangaren Rasha, ya gangaro gaɓar Norwe wajen Lofoten ya yi ƙwai; in ɗaya ta yi haɗama, su biyun za su tashi a tutar babu. Shi ya sa ko bayan 2022 suke ci gaba da yanke adadin tare, kuma sun yi ta rage shi shekara bayan shekara saboda kifin ya ragu. Wannan kifi shi ake shanyawa a iskar Lofoten ya zama okporoko, wanda Najeriya na cikin manyan masu sayensa a duniya. Mai sayar da shi a kasuwar Wuse ko Utako zai ce maka dala ce ta tayar da kuɗinsa, kuma bai yi ƙarya ba, amma da hannun wancan zama na Norwe da Rasha a ciki.

Ba kifi kaɗai ya haɗa mu da su ba. Gas ɗin Yamal na arewacin Saberiya, wanda Rasha ta fara fitarwa daga tashar Sabetta a 2017, a jiragen da ke fasa ƙanƙara da kansu, kasuwar Turai ɗaya yake nema da gas ɗin Bonny. Ƙanƙarar Girinlan in ta narke duka za ta ɗaga teku kusan mita 7, ta Antaktika kusan mita 58. Babu mai cewa hakan zai faru a zamaninmu, amma teku ya riga ya tashi kusan santimita 20 tun farkon ƙarni na 20, kuma Legas da garuruwan Neja Delta a bakin ruwa suke kwance. Masana yanayi na kuma nazarin yadda ruwan daɗi da ke kwarara daga Girinlan zai iya raunana zagayen ruwan tekun Atlantika, wanda ke da alaƙa da daminar yankin Sahel, daminar da manomin Katsina da makiyayin Yobe ke jira.

Ba na cikin masu cewa Najeriya ta je ta gina tasha a ƙanƙara alhali jami'o'inta na fama da kuɗin lantarki. Amma shiga Yarjejeniyar Antaktika takarda ce da ake miƙa wa gwamnatin Amurka, mai ajiyar yarjejeniyar, kuma tana ba ƙasa damar zama a taron ta ji abin da ake ƙullawa ko da ba ta da ƙuri'a. Gina tasha ma ba dole ba ne: Holan ta samu cikakkiyar kujera a 1990 ba ta da tashar kanta, da tashoshi da jiragen wasu masananta suka yi aiki. Afirka ta Kudu na da tashar SANAE IV da jirgin S.A. Agulhas II da ke tashi daga Cape Town kowace shekara, muna kuma da cibiyar binciken teku a Legas da masana yanayi a jami'o'i. Neman gurbin mutum biyu ko uku a wannan jirgi magana ce da ma'aikatar harkokin waje za ta iya ɗaukowa a hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Afirka ta Kudu, wadda ke zama tun 1999. Kafin Indiya ta samu kujera a 1983, ayarinta na farko a jirgin haya na Norwe ya tashi daga Goa a ƙarshen 1981.